Su waye ke bayan tagar ofishin jakadanci? Fashin baƙi kan ma'aikatan Najeriya a Riyad da Jidda

Akwai tambayar da ba ta tsufa a majalisun Hausawan Makka da Jidda: shin mutanen nan na ofishin jakadanci aikin me suke yi, kuma a kan me ake biyansu? Wanda fasfonsa ya ƙare, da wanda ƙanensa ya kwana a tarhil, wato wurin tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu, da wanda aka yi wa rasuwa yana neman takardar da za a ba shi gawa, duk da ita suke komawa gida. Ta ƙara zafi tun Satumban 2025, lokacin da Ma'aikatar Harkokin Waje ta Najeriya ta amsa da bakinta cewa wasu ofisoshinta na ƙetare sun gaza biyan haya, da albashin ma'aikatan da aka ɗauka a can, da alawus ɗin jami'an da aka tura daga gida. Wasu suka ce zancen banza, mutanen da ke wanka da dala. Wasu suka ce ashe shi ya sa ake kallonmu a yatsine.

Wani dare bayan isha'i a Shara Mansur da ke Makka na zauna kusa da wani dattijo da ya wuni a Jidda, a ofishin ƙasarsu. Hausawan nan fasfonsu kala-kala ne, don haka bari in bar sunan ƙasar. Ledarsa na kan cinya, fasfo da kwafin igama, wato takardar izinin zama, a ciki, ya ninke ta ya ɗaure da kyauro. Ya ce, "Malam, yaron nan da ke taga na san ubansa, tare muka yi dako a Misfala. Wai yau shi ne zai dube ni ya ce in dawo bayan mako biyu." Wani matashi da ke zuba mana shayi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, shi ma ɗan aike ne. Mai sa hannun bai ma san kana waje ba." Dattijon ya yi tsaki ya karɓi kofinsa.

Maganar matashin nan ita ce bakin zaren.

Rufi ɗaya, iyayen gida da yawa

Najeriya tana da ofisoshi biyu a Saudiyya. Babban yana Riyad, shi ke hulɗa da gwamnati. Ƙaramin yana Jidda, wanda mutanenmu ke kira ƙunsuliyya, shi ne na jama'a: fasfo, biza, takardar komawa gida ta gaggawa, shaidar takardu, ziyarar waɗanda ke tsare, sha'anin mamata. Tarihinsa ma da jama'a ya fara, domin tun kafin samun 'yancin kai a 1960 akwai ofishin kula da alhazan Najeriya a Jidda. Ofisoshin jakadancin ƙasashe a Jidda suke a da, sai a tsakiyar shekarun 1980 suka koma Riyad. Tafiyar kusan kilomita 950 ce tsakanin biranen, amma nauyin mutane bai bi su ba, yana nan Hijaz inda Makka da Madina suke.

Abin da mai bin layi ba ya gani shi ne, ba duk wanda ke cikin ginin ne ma'aikacin Ma'aikatar Harkokin Waje ba. Mai fasfo jami'in Hukumar Shige da Fice ne, ita kuwa tana ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Lambar NIN, wadda babu fasfo sai da ita, ta hukumar NIMC ce. Mai riƙe da asusu daga ofishin Akanta Janar ake turo shi. Inda akwai jami'in tsaro, na sojoji ne. Aikin hajji kuwa na NAHCON ne, hukumar da dokar 2006 ta kafa, mai ofishinta da kasafinta. Jakada ko ƙaramin jakada shi ne shugaba a gidan, amma ƙarin girma da canjin wurin aiki na waɗannan mutane daga hukumominsu yake fitowa a Abuja. Don haka idan sunanka a fasfo Muhammad ne, a NIN kuma Mohammed, ko shekarar haihuwa ta saɓa, ko jakada ya tausaya maka ba a hannunsa gyaran yake ba.

Ga kuma wani abu ƙarami da ke cin kwanaki. Tun 2013 Saudiyya ke aiki daga Lahadi zuwa Alhamis, Najeriya kuwa Litinin zuwa Juma'a. Kwana huɗu kaɗai suke haɗuwa a mako, kuma agogon nan yana gaba da awa biyu. Takardar da aka aika Abuja da yammacin Alhamis, ko an amsa ta Juma'a, sai Lahadi za a buɗe amsar.

Jami'in da aka turo daga gida

Wannan shi ne wanda mutane ke nufi idan suka ce "ɗan diflomasiyya". Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kamar kowa, ta Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ya shigo, yawanci a mataki na 8, a kuma bisa tsarin raba daidai tsakanin jihohi. Yana samun horo a makarantar jami'an harkokin waje, ya yi shekaru yana jan fayil a hedikwata, Gidan Tafawa Balewa da ke Abuja, kafin layi ya zo kansa. Daga sakatare na uku yake hawa, na biyu, na ɗaya, har zuwa manyan muƙamai, ya yi ritaya a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki. Da jami'ai 12 aka fara wannan layi a 1957.

Albashinsa na ainihi naira ce, kuma bai fi na takwaransa na Ma'aikatar Noma da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya bambanta shi shi ne alawus ɗin zaman ƙetare, wanda ake lissafawa da kuɗin waje, da gida da gwamnati ke kama masa, da tallafin karatun yara da magani. Wannan kuwa na ɗan lokaci ne. Bayan kamar shekara uku sai a kira shi gida, ya koma kan albashin naira, ya sake bin layi. Shi ya sa turawa waje take zama abin kokawa a cikin ma'aikatar, da kamun ƙafa da ƙorafin an tsallake wane an tura wane. Shi ya sa kuma jami'i yake isowa da lissafin gini da kuɗin makaranta a kansa. Idan alawus ɗin ya makale wata uku, mutumin da kake gani da babbar riga da mota mai lambar jakadanci yana iya kasancewa bashi yake ci a kantin unguwa.

Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana na Ostiriya a 1961 ita ta ba shi rigar kariya: ba a kama shi, ba a gurfanar da shi a kotun laifi ta ƙasar da yake zaune. Jami'an ƙunsuliyya tasu yarjejeniyar ta 1963 ce, kuma kariyarsu ba ta kai waccan ba, ta fi tsayawa kan abin da suka yi a bakin aiki.

Rauninsa a nan harshe ne. Ba kowane jami'i ke sauka Jidda da Larabci ba, kuma ba kowa ke jin Hausa ba, domin ana iya turo ɗan Anambra ko Ekiti, kuma haƙƙinsa ne. Amma jawazat, hukumar fasfo da izinin zama ta Saudiyya, da Larabci take magana, kotu da asibiti da 'yan sanda haka, mafi yawan masu bin layi kuma da Hausa. Kafin ya gane hanyar Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a mayar gida, ya san wa ake gani a wane ofishi, rabin wa'adinsa ya wuce.

Wanda aka ɗauka a nan

A nan ne maganar take da nauyi, kuma nan ne aka fi yi mata gurguwar fahimta.

Kowane ofishin jakadanci a duniya yana ɗaukar mutane a ƙasar da yake: direba, tafinta, magatakarda, mai karɓar baƙi, mai gadi, da mai bin takardu a ma'aikatu, wanda Larabawa ke kira mu'aƙƙib. A Saudiyya masu cike waɗannan gurabe sau da yawa 'ya'yan Takari ne. An haife su a Makka ko Jidda ko Madina, Larabcin Hijaz a bakinsu kamar ruwa, Hausa a gida. Haihuwa a Saudiyya ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa, ta wajen uba ake gado, don haka suna riƙe da fasfon ƙasar da wasunsu ba su taɓa kwana a cikinta ba. Akwai kuma waɗanda suka zo karatu, suka gama jami'ar Madina ko Ummul Ƙura, suka samu gurbi suka zauna.

Shi ne fuskar da kake gani a taga. Shi ke raka jami'i gidan yari ya fassara, shi ke tsayawa a ɗakin ajiye gawa, shi ya san cewa fayil ɗin wance tun zamanin ƙaramin jakada na uku da ya wuce yake. Jami'ai suna zuwa suna tafiya, shi yana nan shekara 15, 20. Amma ba ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ne. Sunansa ba ya cikin jerin masu hawa mataki, ba ya cikin tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta fara a 2004, ba ya sa hannu a kan komai. Kwantiragi ne tsakaninsa da ofis, daga kuɗin gudanar da ofis ake biyansa, asusu ɗaya da kuɗin wuta da man mota. Idan kuɗin bai iso ba, shi da mai gidan haya layi ɗaya suke bi.

Ta ɓangaren Saudiyya ma babu fansho. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar tana rufe baƙo ne a kan haɗarin wurin aiki kawai. Abin da ma'aikaci baƙo ke dogaro da shi a ƙasar nan shi ne ladan ƙarshen aiki, wanda dokar ƙwadago ta tsara: rabin albashin wata a kan kowace shekara daga cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. A misali, mai ɗaukar riyal 4,000 da ya yi shekara 12 zai tashi da riyal 38,000: dubu 10 na shekara biyar ɗin farko, dubu 28 na bakwai ɗin da suka biyo. Wannan shi ne gidansa, shi ne jarinsa, shi ne auren 'ya'yansa.

To idan kamfani ya hana shi, ya san hanyar kotun ƙwadago. Idan ofishin jakadanci ne fa? A nan gizo ke saƙar. Ƙasa ba ta cika yarda a kai ta kotun wata ƙasa ba. Ko an yarda an saurari ƙarar, ko ya yi nasara, sashe na 22 na yarjejeniyar 1961 ya hana a taɓa ginin ofis, da kayan ciki, da motocinsa don biyan bashi. Sai mutum ya riƙe hukunci a hannu, babu inda zai kai shi. Ita kuwa rigar kariyar da ake zaton yana da ita, sashe na 38 ya ce ma'aikacin da ɗan ƙasar ne ko mazauninta na dindindin ba shi da wata kariya sai abin da ƙasar ta ga damar ba shi. Kariyar ofis tana aiki a kansa, ba ta aiki dominsa. Ƙari a kan haka, sau da yawa igamarsa da ta iyalinsa a jikin aikin take rataye, don haka ko yajin aiki bai isa ya yi ba.

Na san wani da ya yi shekaru yana tuƙi a ofishin wata ƙasar Afirka a Jidda. A wata shekara da albashi ya tsaya, da rana yana jan baƙar mota mai tuta, da dare ya ari ta maƙwabci yana ɗaukar 'yan umara daga filin jirgi. Ya ce min abin da ya fi ci masa rai ba yunwar ba ce. A unguwa kallon mai kuɗi ake masa, duk wanda ya shiga matsala ƙofarsa yake bugawa, ba ya iya cewa ba shi da shi.

Ban kawo wannan don in wanke kowa ba. Akwai masu taga da ke wulaƙanta tsofaffi sa'annin iyayensu, akwai masu karɓar na goro don ɗaga fayil daga ƙasa zuwa sama, kuma talauci ba hujja ba ne, tunda wanda ake karɓa a hannunsa ya fi su talauci. Amma duk wanda ya ajiye mutum a bakin ƙofar da mabuƙata ke tururuwa, ya hana shi albashi wata huɗu, ya san abin da ya shuka.

Da naira ake kasafi, da riyal ake kashewa

Tushen karayar baya-bayan nan lissafi ne mai sauƙi. Majalisa da naira take amincewa da kasafin ma'aikatar, ofisoshi kuwa da kuɗin waje suke biyan komai. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya, ba ta motsi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ma'aikacin da albashinsa riyal 3,750 ne, wato dala 1,000, a da naira dubu 460 ke biyansa. Bayan shekara guda sai an nemo miliyan ɗaya da rabi, alhali ko halala, kwabon Saudiyya, ba a ƙara masa ba. Ka ninka wannan a kan haya da kuɗin makaranta da inshorar lafiya, a ofisoshi 109 da Najeriya ke da su a duniya.

Mutane kan ce, to kuɗin fasfon da muke biya fa? Ba na ofis ba ne. Kuɗin shiga ne na gwamnatin tarayya, asusunta yake tafiya. Ofis yana iya tara wa gwamnati kuɗi da safe, da yamma ya rasa na biyan wuta.

Fiye da shekara biyu babu jakadu

A farkon Satumban 2023 Ministan Harkokin Waje na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ya sanar cewa Shugaba Tinubu ya kira jakadun Najeriya gida, in ban da wakilan ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai a ƙarshen Nuwamban 2025 aka fara aika sababbin sunaye Majalisar Dattawa, wadda sashe na 171 na tsarin mulki ya ce sai ta amince. Bayan nan ma da sauran tafiya, don sai ƙasar da za a tura mutum ta yi na'am da shi, kuma in ta ƙi ba dole ta faɗi dalili ba.

Jakadu iri biyu ne: waɗanda suka taso a cikin aikin, da na siyasa da shugaba ke ɗaukowa daga waje. A shekarun da babu jakadun, masu riƙon ƙwarya ne suka ja ragamar. Fasfo bai tsaya saboda haka ba. Abin da ke raguwa shi ne nauyin murya. Jakada wakilin shugaba ne a wurin sarki, mai riƙo kuwa a ma'aikatar harkokin waje ake karɓarsa. A ƙasa irin Saudiyya, inda wa ya zo yake da tasiri kamar me ya zo da shi, wannan bambanci yana fitowa ranar da ake neman sassauci ga wanda ke jiran hukunci.

Abin da ofis ke iyawa, da wanda ba ya iyawa

Sashe na 36 na yarjejeniyar 1963 ya ba wanda aka kama damar neman a sanar da ƙunsuliyyarsa, ya kuma ba jami'ai damar ziyartarsa da taimaka masa ya samu lauya. A lura, sai ya nema. Da yawa ba su san wannan ba, wasu kuma suna ɓoye ƙasarsu don gudun a mayar da su. Ofis yana iya tantance cewa wane ɗan Najeriya ne, ya ba shi takardar komawa. Ba ya iya buɗe gidan yari, ko goge hurubu, wato rahoton gudu daga aiki da kafili, uban gidan mutum, ya buga masa, ko hana jawazat aikinta. A Nuwamban 2023, lokacin da aka soke bizar fasinjojin wani jirgi da ya taso daga Najeriya bayan ya sauka Jidda, aka juya da mutum 177, abin da jami'ai ke da shi roƙo ne da neman bayani. Shiga ƙasa ikon mai ƙasa ne.

Sannan a dubi faɗin gonar. Makka kilomita 80 ce daga Jidda, Madina fiye da 400. A shekarar da kujerun hajjin Najeriya suka kai 95,000, ga 'yan umara duk shekara, ga mata masu aikatau da dillalai suka kawo, ga ɗalibai, ga waɗanda igamarsu ta mutu tuntuni. Yawan ma'aikatan ma ba Najeriya kaɗai ke yankewa ba, yarjejeniyar ta ba ƙasa mai masauki damar ta ce ya isa haka.

Inda ake ja-in-ja

Masu cewa a rage ofisoshi suna da hujja: ƙasar da ba ta iya ciyar da 109, ta rufe waɗanda ba a buƙata ta ƙosar da sauran. Duk gwamnatin da ta zo sai ta taɓo zancen, sai kuma a tuna cewa kowane ofis kujera ce ta saka wa wani. Jami'an ma'aikatar su kuma kukansu a ware kasafinsu da dala, a sake shi a kan lokaci, a rage cusa 'yan siyasa a kujerun da suka yi shekara 30 suna jira. Mutanen layi kuwa cewa suke duk wannan hira ce, hali ne ba shi da kyau, ko an juye musu baitulmali ba za su ɗaga waya ba.

Ni a ganina kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma dukansu sun tsallake mutumin taga. Gyaran da ya fi arha, kuma mai bin layi zai fi saurin jinsa a jikinsa, shi ne na ma'aikatan da aka ɗauka a nan: rubutaccen kwantiragi iri ɗaya, albashi a asusu na daban da ba a taɓa shi don biyan haya, ladan ƙarshen aiki da ake ajiyewa shekara-shekara, da hanyar kai ƙara Abuja wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara. A gefe guda a buɗe hanyar kai ƙarar su ma, don tsohon da aka wulaƙanta ya san inda zai je. Sai batun Larabci. Ƙasar da ke da ƙauyen koyon Larabci a Ngala ta jihar Borno, ɗalibanta kuma suka cika jami'o'in Madina da Alƙahira, ba ta rasa masu harshen ba. Ba a neme su ba ne a ranar ɗaukar aiki.

Dattijon nan na Shara Mansur ya koma bayan mako biyun. Ya ce min yaron ya fito daga bayan taga ya riƙe masa leda har bakin titi, ya tsayar masa da mota, yana ta "Baba a yi haƙuri, wallahi ba daga nan ba ne." Fasfon dai bai fito ba, sun ce sunan da ke takardunsa ya saɓa da harafi ɗaya.